Shekarar Da Na Kumasi Ya Zo Gumel

Jinyar tsoho wahala ce, kuma ni kaɗai na sha ta. Duk wanda ya ce muku an taya ni, ku tambaye shi da wane hannu ya taɓa ɗaukar fo ɗin kakanku. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni ne wanka, ni ne juyi, ni ne aski, don ya ce hannun wanzami nauyi gare shi. Sai in dawo daga karar Maigatari da warin shanu a jikina, bayana kamar ya tsinke saboda zaman mota, in tarar ya ɓata shimfiɗa ya hana uwarku ta taɓa shi, wai suruka ba ta ganin jikinsa. Gaskiyarsa ce, amma a kaina gaskiyar take ƙarewa. Ba don a gode min nake rubuta wannan ba. Na ji abin da kuke faɗa ne a tsakaninku, wai babanku ba ya son Baba Jakada, in ya bugo waya daga Ghana sai ya tashi ya fita, wai baƙin ciki yake da ɗan'uwansa. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Rabi dai kuka sani, ga sauran.

Kakanku ya yi zaman Kumasi yana saurayi, fataucin goro. A can ya auri wata 'yar ƙasar, ta haifa masa ɗa namiji, aka sa masa Yakubu. Da aka kori baƙi daga ƙasar, ya ce zai taho da yaron, dangin matar suka ce ba a haka. Su a can ɗa na dangin uwa ne, kawu ke da iko da shi. Ya dawo Gumel daga shi sai kayan jikinsa, ya auri Inna, Allah Ya ji ƙanta, aka haife ni. Shi wancan kawunsa ya sa shi makaranta har ya zama lauya, ya shiga majalisar ƙasarsu, daga baya aka naɗa shi jakada a wata ƙasar Turai. Ni kuwa ina aji huɗu Baba ya cire ni, ya haɗa ni da wani direba in yi yaron mota, don gonarmu ta Sule Tankarkar ba ta ciyar da gida. Uba ɗaya. Wannan shi ne bambancin, kuma ban zaɓa ba, shi ma bai zaɓa ba, amma ni ne na kwana a ƙarƙashin mota a Gagarawa Tasha sauro na cina.

Ku yaran yanzu sai an yi muku bayanin kunyar ɗan fari, don kun taso kuna ganin uwa na rungume ɗanta na fari ana ɗaukar hoto. A gidanmu ba haka ba ne. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya kallon idonsa, ba ya yi masa magana gaba da gaba sai ta bakin wani. Gwargwadon yadda ɗan yake a ransa, gwargwadon yadda yake kawar da kai. Kakanku tsohon zamani ne, ya riƙe abin nan har ya fi mutanen garin. Ban taɓa jin Yakubu a bakinsa ba. Ko almajirinsa na makarantar allo mai wannan suna sai ya ce da shi Mai Sunan Wani. In dole ta kama, sai ya sassauta murya ya ce na Kumasi, kamar wanda ke ambaton waliyyi. Ni kuwa sunana ya tsufa a bakinsa. Sale kawo buta. Sale ruwan ya yi zafi. Sale kai ba ka da hankali ne. Tun ina yaro na gane cewa wancan shirun ya fi wannan kiran tsada, kuma ba za a taɓa yi min shi ba.

Wani dillalin goro na Kano ne ya haɗa mu da Yakubun, bayan shekaru masu yawa ba labari. Ranar da Yakubun ya fara bugo waya, na kai wa Baba har kunne, ya ture hannuna.

"Ka ce masa mun ji. Ka ce lafiya muke."

"Baba, da kai yake son magana."

"Na ce ka ce masa mun ji."

Haka aka yi ta yi. In ya bugo ni ne mai amsawa, Baba na gefe ya kasa kunne kamar zai faɗo daga gado, da na kashe sai ya ce me ya ce, in faɗa, ya ce sake faɗa. Goggo Delu, ƙanwar Baba da ke zaune da mu tun mutuwar mijinta, ita ce mai zuba min gishiri a ciwon.

"Allah mai iko," in ji ta. "Tsatso ɗaya, wani yana zama da sarakunan Turawa, wani yana zama da bajimai."

"Bajiman ne ke sayo miki goro, Goggo."

"Na gode wa bajimai. Ka gaishe su."

Da kaka ta yi, ana tsakiyar kaɗe riɗi, Jakadan ya aiko cewa taro ya kawo shi Abuja, zai ƙaraso Gumel ya ga mahaifinsa. Ranar Laraba zai zo, ya kwana ɗaya a masauki, ya juya. Ban san ta yaya maganar ta fita ba, amma kafin ranar na zama wani mutum daban a unguwa. Waɗanda suka shekara suna wuce ni ina wanke zanen gadon tsoho a ƙofar gida ba su ce sannu ba, su ne masu tsayawa da babur, ƙanin Jakada ina gajiya. Wani ɗan siyasa ya aiko da kujerun roba da rumfa. Aka share layinmu har bakin kwata. Ni dai na san abin da ya hau kaina: na yi wa Baba wanka tun da safe, na yanke masa farce, na sa masa farar rigarsa ta Idi, na turara ɗakin don kada baƙo ya ji abin da hancina ya saba da shi. Na ɗaura masa rawani. Ya ce rawanin ya karkace. Na warware na sake. Ya ce har yanzu. Ban taɓa ganin ya damu da karkatar rawani saboda ni ba.

Wajen azahar suka iso, motoci baƙaƙe da 'yan sanda a gaba. Ya fito, dogo, da rigar saƙi mai faɗi irin ta mutanen arewacin Ghana, da tabarau, furfura ta fara cin gefen kansa. Abin da ya fara bugun ƙirjina shi ne tafiyarsa. Tafiyar Baba ce sak, kafin ciwo, yadda yake jefa ƙafar hagu. Ni kamannin Inna na ɗauko. Ko wannan ma shi aka ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce ƙanina, ya ƙi saki. Hausarsa ta zangon Kumasi ce, a karye, har yara na danne dariya, amma ana ganewa, ni kuma zan rubuta muku ita da tamu. Na ce masa sannu da zuwa. Ban iya ce masa Yaya ba.

Na shigar da shi ɗakin. Mutumin nan da aka ce yana tsayawa gaban shugabanni, sai ga shi ya zube a kan ledar ƙasa, ya kama hannun Baba ya ɗora a goshinsa, yana kuka kamar yaro.

"Baba, ni ne Yakubu. Ni ne ɗanka. Na zo."

Baba ya zare hannunsa a hankali. Ya juyar da fuska wajen bango.

"Sale," ya ce, "an ba baƙi ruwa?"

"An ba su, Baba."

"To madalla. Awakin nan fa, an zuba musu harawa?"

Shi dai ya ci gaba da magana a durƙushe. Ya ce ya daɗe yana nema. Ya ce 'ya'yansa uku, babban ya ci sunan Baba. Ya fito da hotuna a waya yana miƙawa, Baba na kallon bango yana jan carbi. Dattijan da suka cika bakin ƙofa suna ta gyaɗa kai, ina jin wani yana cewa Alhaji dai ya san kunya, irinsu sun ƙare. Goggo tana sharar hawaye da gefen mayafi, don ita ta ga abin da ake nufi. Kowa a wurin ya gani. Shi ya sa ba wanda ya yi tunanin faɗa masa, kamar yadda ba wanda zai tsaya yi wa baƙo bayanin dalilin cire takalmi a ƙofar masallaci. Shi kaɗai ne bai gani ba. Ya taso a hannun kawunsa, cikin mutanen da ba su san wannan ba. Na ga lokacin da fuskarsa ta canza. Ya mayar da wayar aljihu, ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya fita ya zauna a rumfa ya yi ta gaisawa da mutane yana murmushi, don aikinsa ne, ya iya.

Bayan la'asar da zai tafi masauki, ya ja ni bayan motata ta shanu inda ba kowa.

"Malam Sale, ka faɗa min gaskiya. Ba ya so na?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na san dangin uwata sun yi masa ba daidai ba. Ni yaro ne lokacin. A waya ya ƙi ni, na ce ƙila kunne ne. Yau na zo da ƙafata, ko kallona bai yi ba. Awaki yake tambaya."

Amsar tana bakina. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Amma na kalli takalminsa, na kalli nawa, na kalli 'yan sandan da ke jiransa rana na dukansu, sai na ji wani sanyi yana sauka a cikina, irin na mai ƙishi da ya sami randa. Tunda nake ban taɓa riƙe wani abu da shi ba shi da shi ba, sai ranar.

"Tsufa ne," na ce. "Sai haƙuri."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Kai ka ji daɗi. Tun da na shiga gidan nan, Sale, Sale, Sale. Da ya kira ni sau ɗaya haka, ko da faɗa ne, da na koma da shi." Ya ce gobe da sassafe zai kama hanyar Kano, ba zai sake damun tsoho ba, in ana bukatar wani abu na asibiti in buga masa. Ya shiga mota aka ja.

Wato ni yake yi wa sha'awa. Na tsaya a bayan mota ina so in yi dariya, ta ƙi fitowa.

Da aka yi magariba na kai wa Baba kununsa. Na tallafo shi, na jingina shi da ƙirjina kamar kullum, ina ba shi a cokali. Ya sha biyu ya kawar da baki.

"Sale."

"Na'am."

"Na Kumasin nan, dogo ne?"

"Ai a gabanka ya durƙusa, Baba."

"Ban duba ba. Ya kai ka tsawo?"

"Ya fi ni."

"Uhm." Na ji ƙirjinsa ya ɗaga. "Furfura fa?"

"Akwai, a gefe."

"Har furfura." Ya sake kawar da baki daga cokalin. "Da na baro shi, haƙoransa biyu na gaba sun fita. Yana da tabo a nan, a haɓa, kujera ce ta fasa shi. Yana nan?"

Ban lura da wani tabo ba. Ni ma ina da tabo a goshi, ƙahon wani bajimi ne, a kara, shekarar da na fara tuƙi, kuma ban taɓa jin Baba ya tambayi inda na samo shi ba. Na ce masa yana nan. Ya sa ni na faɗi launin rigar, da yadda muryarsa take, da sunayen jikokin ɗaya bayan ɗaya. Kunun ya huce a hannuna. Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu, bai ma san suna zuba ba.

"Ka ga abin da mutum ke zama," ya ce, "in Allah Ya raba shi da wahala."

Na ajiye kwanon. "Ni fa, Baba? Me na zama?"

Ya ɗan juyo yana mamaki, kamar na tambaye shi ko gobe rana za ta fito. "Kai ai Sale ne. Gyara min matashin nan. Gobe in ya zo da safe ka shimfiɗa masa darduma ta can wajen ƙofa, kada ya sake zubewa a ƙasa. Gwiwa ba ta son sanyi."

Bai san ba zai zo ba. Na gyara matashin, na fita.

Uwarku Zuwai tana tsakar gida tana kwashe tuwo. Ba ta cika sa baki a maganar gidanmu ba, amma ta ga lokacin da aka ja ni bayan mota.

"Malam, me ya ce maka?"

Na faɗa mata.

"Kai kuma ka ce me?"

Na faɗa mata wannan ma. Ta ci gaba da malmala tuwo ba ta ɗago ba.

"Gari guda ya gani, amma kai kaɗai ya tambaya."

"To ni na haife shi? Shi da ya karance duniya bai san kunya ba, sai ni mai aji huɗu zan koya masa?"

"Ban ce komai ba."

"Ya je ya ji yadda ake ji. Ni shekara nawa ina ji?"

"Shi zai je ya ji a can, cikin sanyin ofis," in ji ta. "Wanda zai tambaye ka gobe da safe ina baƙo, yana cikin ɗakin nan. Kai za ka ba shi kunu bayan ka faɗa masa."

Goggo daga bakin ƙofarta ta tsinci ƙarshen maganar, kunnenta na zaɓar abin da yake so. "Wa zai tafi? Ai bai ci tuwon gidan ubansa ba tukuna."

Ku sani, ba tausayinsa ne ya kama ni ba. Har yau in na tuna takalmin nan ina jin abin da na ji. Na dai auna ne. In ya tafi a haka, ba zai dawo ba, na ga idonsa. Tsoho kuma ba zai kai wata kakar ba, ni da ke ɗaga shi na san nauyinsa yana raguwa. Zai mutu yana kallon ƙofa, yana cewa Sale leƙa ka gani, ni ne kuma zan yi ta leƙawa. Sannan na san in na je na ɗauko shi, abin da zan gani da idona zai fi wannan ciwo. Ko ta ina na bi, ni ne a ƙasa.

Washegari Alhamis ce, kasuwar Maigatari, kuma tun farkon mako wani dillali ya riƙe min lodin shanu zuwa Kano. Ina idar da asuba na yi wa Baba alwala, na tayar da mota. A mararraba ban karya hanyar Maigatari ba, na nufi masaukin. Na tarar har an fito da jakunkuna, motocin sun juya hanci waje. Na gicciye motata a bakin get na kashe. Wani ɗan sanda ya taso yana zare ido yana buga min ƙofa, na ce ya je ya ce wa mai gidansa ƙaninsa ne. Ya fito da kwat a jikinsa, idonsa ja, da gani bai yi barci ba.

"Yaya," na ce, kalmar ta fita da ƙyar, "shigo mota. Kai kaɗai, ban da waɗannan."

"Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka san gidanku ba."

Ya hau gaban motar shanu da kwat ɗinsa, ya zauna a kan tsohon buhun da nake rufe yagewar kujera da shi. A hanya na faɗa masa, ina kallon titi. Na ce a nan uba ba ya kallon ɗan fari, ba ya kama sunansa. Na ce jiya har kunu ya huce ana tambayata tabon haɓarsa. Ya kai hannu ya shafa wurin, tabon yana nan kuwa, ɗan siriri. Ya buɗe baki zai yi magana na ce ya bari, ban gama ba.

"In mun shiga, ga darduma can wajen ƙofa, nan za ka zauna. Kada ka taɓa shi. Kada ka kalli fuskarsa, kada ka ce Baba ni ne. Abin da kake son faɗa masa ni za ka faɗa wa. Shi ma ni zai faɗa wa."

"Alhali yana ji na?"

"Yana jin ka."

Muka shiga. Ya cire takalmi, ya zauna inda na nuna masa, ya sunkuyar da kai. Ni na zauna a tsakiya, a ƙasa, bayana jikin gado. Wayata na ta ruri a aljihu, dillalin ne, har ya gaji ya ba wani lodin. Baba yana kallon bango. Ya ja carbi ya kai ƙarshe, ya sake dawowa.

"Sale, ka tambaye shi, uwar tasa tana raye?"

Na juya na tambaye shi. Ya ce min ta rasu, amma kafin ta rasu ta ce ya nemi ubansa ya roƙa mata gafara. Na juya na faɗa wa Baba. Ya ce in ce masa babu komai, tun a motar da ya baro Kumasi a cikinta ya yafe. Na faɗa masa. Haka na yi ta juya wuya, dama, hagu, ina ɗaukar magana daga bakin wannan ina kai wa wancan, ba ko ɗaya tawa a ciki. Can rana ta ɗaga, haske ya shigo ta ƙofa ya sauka a kan darduma. Na ji gado ya motsa a bayana, a hankali, tsoho yana juyo da kansa kaɗan, iya abin da wutsiyar ido za ta kai.

"Sale," ya ce, "matsa can, ka tare min haske."

Na matsa.